Abin Da Na Gani A Majami'u Biyu, Batsari Da Safana

 A hutun makaranta da ya wuce na ɗaura 'yar jakata na tafi Batsari gai da gwaggona, wadda rabona da ita tun ina aji biyu a Kwalejin Horon Malamai. Daga can kuma na zarce Safana. Abin da na gani a garuruwan nan biyu ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in kawo muku shi wannan fili namu.

Tun da fari in gaya muku, ni Bahaushiya ce Kirista, mutuniyar ƙasar Malumfashi, cikin waɗanda mu ke kiran kanmu Masihiyawa. Na san yawancin masu karanta filin nan Musulmi ne. To, kada wata ta ce labarin majami'a ba ruwanta. Duk wadda ta taɓa ganin Islamiyyar unguwarsu ta watse, ko adashensu ya mutu, za ta gane abin da na ke nufi.

Mun tashi daga Katsina da hantsi cikin wata 'yar mota, mu 9 har da akuya. Ba mu yi nisa da birni ba sai ga Babbar Ruga. Wata mata da ke kusa da ni ta nuna wa ɗiyarta, ta ce nan ne asibitin masu yoyon fitsari. Gaskiyarta, gama tun cikin shekarun 1980 wani likita mutumin ƙasar Holan, Dokta Kees Waaldijk, ya soma yi wa mata wannan aiki a can har wurin ya yi suna. Amma kafin haka asibitin kutare ne. A ƙarshen shekarun 1930, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka damƙa wa Turawan Mishan na S.I.M. kula da shi, kamar yadda aka ba su na Yadakunya a Kano da na Amanawa a Sakkwato. Daga aikin mishan ɗin nan ne ikilisiyar E.C.W.A. ta fito a 1954. Watau ke nan majami'a ba baƙuwa ba ce a kan wannan hanya, ko da ya ke mabiyanta ba su taɓa yawa ba a yammacin Katsina. Yawanmu yana kudu, wajen Malumfashi da Kafur.

Batsari garin Sarkin Ruma ne. Ƙasa ce ta noma, ga duwatsu jefi jefi, ga rogo mai gari wanda ban ci irinsa ba. Amma yamma da ita akwai dajin Rugu wanda ya haɗe da ƙasar Zamfara, kuma kowa ya san abin da ya riƙa fitowa daga cikinsa. Ran 14 ga Fabrairu, 2020, 'yan bindiga suka faɗa wa ƙauyukan Tsauwa da Dankar, suka kashe mutum 30. Mutanen ƙauyuka da yawa suka kwaso 'ya'yansu suka shigo gari, waɗansu suka zauna cikin azuzuwan makaranta. A watan Satumba na 2021, Gwamnati ta sa aka yanke layin waya a wannan yanki, aka yi watanni ba mai jin muryar ɗan'uwansa daga nesa. A 2025 an yi zaman sulhu da mutanen daji. Na tarar waɗansu sun koma gona, waɗansu kuwa sun ce sai sun ga damina biyu lafiya tukuna.

Majami'ar su gwaggo tana bayan gari, ginin ƙasa ce da rufin kwano, ba ta fi aji ɗaya na makaranta girma ba. A da, in ji gwaggo, masu cika ta ma'aikata ne: malaman makaranta, da na asibiti, da 'yan sanda, da 'yan kasuwa mutanen Kudu. Da Turanci a ke sujada, sai can wajen ƙarshe a taƙaita wa'azin da Hausa saboda manoma 'yan ƙauye da ke zama a bencin baya. Da tashin hankali ya yi tsanani, mai neman canjin wurin aiki ya nema, mai shago ya kwashe kayansa ya koma Katsina. Baiko ya ragu har ya kāsa riƙe fasto, aka ɗauke shi. Akwai Lahadin da suka ƙirga kansu suka ga su 8 ne, 6 mata, da tsoho guda, da yaro.

Ni kuwa ran Lahadin da na je na ƙirga mutum 43, ban da jarirai a baya. Na tambayi gwaggo ko an kawo musu sabon fasto ne mai zafin wa'azi. Ta yi dariya ta ce, "Ɗiyata, fasto sau ɗaya a wata ya ke zuwa, a kan babur. Ki dai zuba ido bayan an tashi."

Da aka yi addu'ar rufewa ba wanda ya fita. Sai wata tsohuwa mai tuyar ƙosai, ita ce uwar zumunta, watau shugabar ƙungiyar matan ikilisiya, ta miƙe ta gyara ɗankwali ta ce, "To, wa ba mu gani ba yau?" Aka shiga kiran sunaye. Wance ɗanta ba lafiya. Wane ya tafi ƙauye duba dawarsa, bai dawo ba tun shekaranjiya. Kowane suna aka kira sai ta nuna mutum biyu ta ce su je kafin faɗuwar rana. Na tambaye ta daga baya, na ce, "Inna, yaushe kuka soma wannan?" Ta ce, "Malama, lokacin da aka yanke waya. In ba ki taka kin je ba, ba ki san ko mutum yana raye ba. Da waya ta dawo muka ga ai ƙafar ta fi, muka ƙi bari." Lalle zumunta a ƙafa ta ke, mun sha faɗi, amma ban taɓa ganin an mai da ita dokar kowane mako ba sai a nan.

A bakin ƙofa akwai wata randa da murfi. Na zaci ruwa ne, ashe hatsi ne. Kowace mace in za ta zo sujada sai ta ɗebo abin da ta iya, wata gwangwani guda, wata cikin tafin hannu ƙulle a bakin zane. In randa ta cika a raba wa waɗanda suka gudo daga ƙauye. Kuma ba a tambayar addinin mai jin yunwa. Gwaggo ta ce rabin hatsin nan gidajen Musulmi ya shiga, domin su ne suka fi yawa cikin masu gudun. Da damina ta zubar da bangon gabas na majami'ar, maƙwabtansu Musulmi ne suka zo gayya, suka kwaɓa ƙasa aka ta da shi cikin kwana biyu, mata suka dafa musu dambu. Ban ce babu saɓani ko kaɗan a garin ba, mutane ne. Abin da na gani da idona na ke faɗi, kuma na dafa bangon.

Wani abin da ya sāke shi ne harshe. Da ma'aikata suka tafi ba sauran mai yin Turanci, sai sujada ta koma Hausa tun daga farko har ƙarshe. Nan fa 'yan bencin baya suka sami baki. Tsohon nan da ya rage shi ke karanta Littafi Mai Tsarki, yana bin layi da yatsa. Mata suna kaɗa tulu da caki, ɗaya ta ba da waƙa sauran su amsa, da irin muryar da a ke waƙar daɓe ko ta niƙa. Waɗanda suka gudo daga ƙauyuka, da can su kan ji kunyar shiga majami'ar gari saboda tufafinsu, da suka ji haka sai suka matso. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, aikin da Dokta Miller na Zariya ya sha wahala a kansa. Abin mamaki ne a ce sai da tsoro ya kori masu Turanci sa'an nan Bahaushe ya zauna a bencin gaba a garinsu. Yanzu waɗansu ma'aikatan sun soma dawowa, an kuwa gaya musu da ladabi cewa za a fassara musu, amma Hausa ce gaba.

Ni ma ban tsira ba. Da uwar zumunta ta ji ni malama ce, ran Talata ta tara mini mata 12 da 'yammata a ƙarƙashin dalbejiya, ta ce in koya musu baƙi da wasali. Allonmu murfin tukunya ne, allinmu gawayi. Na zo da niyyar hutawa, sai ga ni ina yaƙi da jahilci.

Bayan kwana 6 na yi sallama na nufi Safana, wurin wata abokiyar karatuna. Direba ya ce gara mu kewaya ta Dutsin-Ma, ban yi gardama ba. Safana garin Yariman Katsina ne, ita ma tana gefen dajin nan, ta kuma sha irin wahalar da Batsari ta sha.

Majami'ar da abokiyata ta kai ni ta fi ta su gwaggo kyau nesa ba kusa ba. Ginin siminti, tagogin ƙarfe, bencina masu fenti. Mutum 14 na ƙirga. Na shiga na zauna, ba wanda ya ce mini sannu. Ana cikin waƙa wata 'yar ƙauye mai goyo ta shigo ta zauna a benci na biyu, sai aka raɗa mata cewa wurin matar wani dattijo ne, ta koma baya. Matar dattijon kuwa, na ji daga baya, ta fi shekara tana Katsina. Ana yin addu'ar rufewa kowa ya kama gabansa, aka sa kwaɗo. Ashe ma a kan mabuɗin nan gidaje biyu ba su ga maciji da juna.

Raina ya ɓaci, har na faɗa wa abokiyata magana mai zafi. Ta bari na gama, sa'an nan ta ce, "Ke baƙuwa ce, ba ki san abin da ya same mu ba." Ta ce akwai shekarar da wani baƙo ya yi ta zuwa sujada mako uku, yana gaisawa da kowa, yana tambayar gidan wane da sana'ar wane. Bai daɗe da ɓacewa ba aka zo da dare aka ɗauki ɗaya daga cikinsu, sai da aka sayar da gona da shanu aka fanso shi. Ko baƙon nan ne ya kai rahoto, ko ba shi ba ne, Allah kaɗai ya sani. Amma tun daga ran nan ba su ƙara sakin jiki da sabuwar fuska ba. Na ji kunyar saurin bakina. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Duk da haka ban janye ra'ayina duka ba. Tsoron baƙo dabam, ajiye benci domin wadda ba ta nan dabam. Mai goyon nan ba baƙuwa ba ce, sun san ƙauyensu, sun san mijinta. Matashin mai bishara da ke riƙe da wurin ya gaya mini abin da su ke bukata shi ne janareta da lasifika, in an ji sauti mutane za su zo. Na ce masa, "Malam, a gafarce ni, waɗanda suka zo ba sauti fa, wa ya bi su gida?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce shi kaɗai ne, ƙafarsa biyu. Gaskiya ya faɗa, kuma nan ne bambancin ya ke. A Batsari ba a bar wa mutum guda aikin ba.

Kada ku zaci majami'a ba ta raguwa sai inda a ke harbi. A Ingila, ƙasar da Dokta Miller ya fito, ƙidayar 2021 ta nuna waɗanda suka ce su Kirista ne a Ingila da Wales ba su kai rabin jama'a ba, kashi 46 ne cikin 100. Akwai manyan majami'un dutse a can da aka sayar aka mai da su gidajen kwana, ba kuwa wanda ya kore su da bindiga. A nan gida kuma, a 2023 aka kafa dayosis na Katolika a Katsina, aka naɗa Gerald Musa ya zama bishof, Bahaushe na farko da ya hau wannan matsayi a cikinsu. Mun yi murna ƙwarai. Amma bishof ba zai san wance ba ta zo ran Lahadi ba. Wannan sai ta kusa da ita a benci.

Ran da zan tashi daga Safana na roƙi abokiyata ta raka ni gidan da mai goyon nan ta ke zaune. Muka same ta tana surfe a wani kango da aka ba su aro. Ta shimfiɗa mana buhu, ta yi ta mamaki wai mun zo takanas dominta. Ta ce shekararta biyu a garin, ba wanda ya taɓa leƙo ta daga majami'a. Abokiyata ta sunkuyar da kai. Da muka fito ta ce mini ran Lahadi za ta biya ta ɗauke ta su tafi tare, su zauna a benci na biyu, in ya so a tashe su su biyu.

Ban sami labarin yadda suka ƙare ba tukuna. Gwaggo dai ta aiko mini da saƙo ta bakin wani direba, wai ɗalibaina na gindin dalbejiya sun kai harafin "ƙ" sun tsaya, ba mai nuna musu bambancinsa da "k". Na sayi alli kwali biyu da ƙaramin allo, na ajiye sai hutun Ista.