Garin Neman Gira

Idan ka taɓa yin damina a Gombe, ka san yadda ƙasa take sauya kama. Ruwa yakan fara sauka wajajen watan Mayu. Kafin a yi mako biyu, filin da ya bushe ƙamas da rani sai ya koma kore shar. A unguwarmu ta Barunde akwai ɗan fili tsakanin ƙofar gidana da katangar maƙwabcina. A wannan fili na yi wani kuskure, kuma ina so in ba ka labarinsa domin kada kai ma ka maimaita shi.

Wata shekara, a cikin watan Agusta, ciyawa ta cika filin har ta kai gwiwa. Sauro ya sami maɓoya. Kullum 'yata ƙarama sai ta shigo gida tana kuka, ƙarangiya ta manne mata a zane. Ran nan da safe na tarar da saɓar maciji a gindin katanga, sai gabana ya faɗi. Mutumin Jihar Gombe ba ya wasa da maciji, domin kowa ya san asibitin Kaltungo, inda ake kai waɗanda kububuwa ta sara. Ban yi shawara da kowa ba. Na tafi kasuwa na sayo maganin kashe ciyawa, na ari famfon feshi, na feshe filin kaf. Cikin 'yan kwanaki komai ya bushe. Na share, na ƙone, na tsaya ina kallon ƙasa fes, ina jin daɗi.

Murnata ba ta daɗe ba. Bayan kwana goma aka kwana ana tafka ruwa. Da gari ya waye, sai na ga ruwan da ya zubo daga indararo ya yanka filin biyu. Ƙasar Gombe yashi ya yi mata yawa, ba ta da wuyar tafiya. Ruwan ya kwashe ta har harsashin katangar maƙwabcina ya fito fili. Ga wani abin takaici kuma: ciyawar nan da ake kira aya-aya ta sake tsirowa, ita kaɗai, kamar ba a yi mata komai ba.

Maƙwabcin nawa dattijo ne, manomi tun yana yaro. Na je na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, na yi ɓarna, a gafarce ni."

Ya yi murmushi ya ce, "Malam, garin neman gira ka kusa rasa ido. Kai da kake koya wa yara sunayen abubuwa, ka san sunayen ciyawar da ka kashe?"

Na yi shiru, domin ban sani ba. A wajena ciyawa duk ciyawa ce.

Da damina ta zagayo, Baba ya riƙa kirana da sassafe yana nuna mini su ɗaya bayan ɗaya. Ga abin da na koya.

Ta farko ita ce ƙarangiya, da 'yar'uwarta tsaidau, wadda ƙayarta take huda tayar keke. Waɗannan damina ɗaya suke yi su mutu. Ƙarfinsu yana cikin irinsu, wanda yake manne wa tufafi da jikin dabbobi. Idan ka tuge su tun ba su yi 'ya'ya ba, baɗi za su ragu ƙwarai. Lokacin da ya fi dacewa shi ne washegarin ruwa, sa'ad da ƙasa take da laushi.

Ta biyu ita ce aya-aya. Ita ƙarfinta yana ƙarƙashin ƙasa. Tana da ƙananan ƙwayoyi masu kama da aya, waɗanda siririyar saiwa take haɗa su kamar carbi. In ka sare ganyen, ƙwayar sai ta fitar da wani. Maganinta shi ne ka sa fartanya ka tono ƙwayoyin, ka shanya su a rana har su bushe. Aiki ne na haƙuri, ba ya ƙarewa a shekara ɗaya.

Ta uku ita ce kirikiri. Wannan ita ce na fi yi wa laifi. Tana yaɗuwa a kan ƙasa, tana kafa saiwa a gaɓoɓinta, sai ta riƙe yashi kamar tabarma. Irinta ake shukawa a filayen ƙwallo da yawa. Ba ta bukatar komai sai a riƙa rage mata tsawo da lauje. Idan ta yi kauri kuma, takan hana sauran ciyayi wurin tsirowa.

Ta huɗu ita ce tafasa. Baba ya ce, "Wannan ai abinci ce." Ana dafa ɗanyen ganyenta a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Yanzu nakan bar mata kusurwa guda, in cire sauran kafin su yi tsawo.

Kada ka ɗauka mu kaɗai ne muke wannan fama. A Ingila da Amurka masu gida suna yaƙi da wata ciyawa mai rawayan fure, wadda ma'anar sunanta ita ce "haƙorin zaki". Tana da doguwar saiwa, iska ce kuma take yaɗa irinta. In an tsinke ta aka bar saiwar, sai ta dawo. Duk da haka wasu suna cin ganyenta, kamar yadda muke cin tafasa.

Ban ce maganin feshi ba shi da amfani ba. Manoma da yawa suna aiki da shi. Amma guba ne, kuma irin wanda na saya ba ya bambanta ciyawa mai cuta da mai amfani. A ƙofar gida, inda yara suke wasa, kaji da awaki suke kiwo, hannu da fartanya sun fi aminci. Ka kuma tuna cewa zaizayar ƙasa babbar matsala ce a Gombe. Tana cikin dalilan da suka sa gwamnatin jihar ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa a shekarar 2019. Babban kwari yakan fara ne daga 'yar ƙaramar hanyar ruwa irin wadda ta tsaga filina.

Na cike ramin da baro shida na ƙasa, na dasa kirikiri a kai. Yau filin kore ne, ciyawar ba ta wuce idon sawu ba, katangar Baba kuma tana nan tsaye. Kowace Asabar da safe ni da 'ya'yana mukan zagaya shi, kowa da ɗan kwandonsa.

Idan ka koma gida yau, ka duƙa ka dubi abin da ya tsiro a ƙofar gidanku. Ka tambayi wani babba sunan kowace ciyawa, da Hausa da kuma harshenku. Sai ka san sunanta da halinta tukuna, sannan ka ɗauki fartanya.