Katanga ko iri?

Wata ɗalibata ce ta ajiye mini littafin a kan tebur a ƙarshen zangon karatu. Ta ce, "Malam, don Allah ka karanta. Akwai soyayya a ciki, amma ba irin wadda kake yi mana faɗa a kanta ba." Na karɓa ne don kada in ba ta kunya, na jefa shi a jaka, na tafi hutu gida Bebeji. Abin da ya kai ni gida kuwa shi ne maganar gonar mahaifinmu da ke kusa da Tiga, wadda na riga na yanke shawarar sayar da kasona a cikinta, domin in ƙara wa katangar gidana na Kano tsawo, in ɗora mata waya mai ƙaya.

Sunan littafin Parable of the Sower, na marubuciya Octavia Butler, baƙar fatar Amurka da ta rasu a 2006. An buga shi a 1993, amma labarin ya fara ne a shekarar 2024. Wata yarinya ce, Lauren Olamina, 'yar wani mai wa'azin coci, take zaune a unguwar da aka kewaye da katanga a gefen birnin Los Angeles. A bayan katangar akwai yunwa da fashi da ƙone-ƙone. Ruwan sha ya fi fetur tsada, 'yan sanda ba sa zuwa sai an biya su. Manyan unguwar sun yi imani cewa katangar za ta riƙe su har al'amura su daidaita. Yarinyar ce kaɗai ta ƙi yarda, ta haɗa ƙunshin gudu ta ɓoye, a cikinsa har da iri na shuka. Daren da aka fasa katangar aka cinna wa unguwar wuta, da wannan ƙunshi ta tsira, ta bi hanya a ƙafa ta nufi arewa.

Da na karanta shi ina ɗan shekara ashirin, da na ce tatsuniyar Turawa ce. Amma na karanta shi ne bayan na ga farkon 2023, lokacin sauya fasalin naira, da mai kuɗi a banki ya kwana da yunwa. Na ga yadda cire tallafin man fetur a watan Mayu na wannan shekara ya mai da zumunci abin lissafi. Na kuma san yadda ake yi idan mota ta wuce Tudun Wada ta doshi dajin Falgore a hanyar Jos: hira ta ɗauke, kowa ya kama addu'a a zuci, saboda labaran ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane da aka daɗe ana ji. Sai na ga kaina a cikin littafin, kuma ba a wurin da na so ba. Ina cikin manyan unguwar nan masu ƙara bulo.

Ba duk abin da ke ciki na haɗiye ba. Lauren ta ƙirƙiro wata aƙida da ta ɗauki sauyin zamani kansa a matsayin abin bauta, wannan kuwa Musulmi ba zai bi ta a kai ba. Mu a wurinmu Allah ne Yake jujjuya al'amura, Shi kuma ba Ya sauyawa. Sai dai tanadinta ba baƙo ba ne a gare mu. Mun san ƙissar Annabi Yusuf, alaihissalam, da ya ba da shawarar a adana hatsi a zangarniyarsa a shekarun wadata saboda shekarun fari. Mun haddace ƙissar, yarinyar cikin littafi ce ta yi aiki da irinta.

Sai batun soyayyar da ɗalibata ta yi mini alkawari. A kan hanya Lauren ta haɗu da wani likita mai suna Bankole, wanda ya girme ta da kusan shekara arba'in, suka so juna. Wannan tazara ta dame ni, domin na san gidajen da irin wannan haɗi ya zama kurkuku ga yarinya, kuma har na rufe littafin damuwar ba ta gushe ba. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda soyayyar take. Babu wasiƙa, babu kirari. Akwai raba ruwan gora, da karɓa-karɓar gadi cikin dare, da gardama a kan inda za a zauna. Na daɗe ina ɗaukar littattafan soyayya na kasuwar Kano a matsayin hanyar gudun gaskiya, har ina faɗa a aji. Yanzu ina zargin cewa na yi gaggawa. Wanda ya zaɓi ya amince da wani a lokacin da amana ke iya jawo masa mutuwa, ya yi jarumtar da ta fi ɗaukar makami. Wataƙila 'yan matan da ke karanta Balaraba Ramat Yakubu sun riga ni fahimtar haka.

Ƙarshen littafin ne ya fi tsaya mini a rai. Ayarin ya isa filin Bankole, suka tarar an ƙone gidan, 'yar'uwarsa da iyalinta babu wanda ya rage. Duk da haka suka yanke shawarar zama, suka shuka itatuwa don tunawa da mamatansu. Na idar da wannan shafi da hantsi, na ɗaga kai sai ga mahaifiyata tana shanya irin wake, tana cakuɗa shi da toka kafin ta zuba a tulu, kamar yadda take yi tun ina yaro. Na tambaye ta, "Inna, wa zai shuka wannan, alhali ƙafarki ba ta kai ki gona?" Ta ce, "Ai iri ba ya tambayar mai hannu."

Madatsar ruwa ta Tiga, da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, tana nan tana shayar da gonakin rani har Kadawa da Kura. Ƙasarmu ba ta zama ta Lauren ba, kuma ina roƙon Allah kada ta zama. Amma mu da muka yi boko muka koma birni, kowa ya ja katangarsa, ya haƙa rijiyar burtsatsensa, ya sayi janaretansa, ya kamata mu tambayi kanmu: idan ƙauye ya gagara zama, wace katanga ce za ta ciyar da mu?

Da yamma na samu yayana na ce masa na fasa sayarwa. Ya dube ni ya ce, "To, Malam, gona ba ta nomuwa da waya, sai ka riƙa zuwa." Na yi masa alkawarin zuwa duk ƙarshen wata. Katangata tana nan yadda take, kuma ba zan ɓoye ba, har yanzu ina farkawa cikin dare idan kare ya yi haushi. Littafin kuma ban mayar wa ɗalibata ba tukuna, 'yata ta fari ce ta ɗauke shi.