Karta Hamsin da Huɗu da Rabon Mutum na Uku

Da yawa daga cikin abokan aikina a jami'a suna ɗaukar wasan karta aikin zauna-gari-banza, wanda babu komai a cikinsa sai caca da sa'a. Batun caca ba ni da ja a kansa. Duk inda kuɗi ya hau tabarma wasa ya ƙare, hukuncinsa kuma sananne ne. Amma batun sa'a ban yarda ba. Na tashi a Birnin Gwari ina kallon masu buga Whot, kuma mutum biyu ko uku ne ke cinye majalisa kusan kullum. Sa'a ba ta riƙe wa mutum amana haka.

Whot daga Ingila ta zo, inda William Storey ya ƙirƙire ta a shekarun 1930, amma a Nijeriya ta yi gida. Katunanta 54 ne, kuma ba a raba su daidai ba. Da'ira da alwatika suna da 12 kowanne, kuros da murabba'i tara-tara, tauraro bakwai kacal, sai katunan Whot biyar masu lamba 20. Babu 6, babu 9. A wannan rashin daidaito gwaninta take. Sabon shiga idan ya jefa Whot, siffar da ta fi yawa a hannunsa yake nema. Gwani kuwa yakan fara tuna abin da ya riga ya faɗi a ƙasa. Idan taurari biyar sun wuce, guda kuma na hannunsa, neman tauraro kusan tura kowa kasuwa ne. Haka lamba 12: guda biyu ce tak a duk kartar, don haka wanda ya jefa ta ya kusa kulle siffar, sai dai mai ɗayar ko mai Whot ya sauya ta.

Sai dai abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda wasan ke sauya hali da zarar 'yan wasa sun wuce biyu. Tsakanin mutum biyu, duk dukan da ka yi wa abokin karawarka ribarka ce. Tsakanin huɗu kuwa, idan ka jefa 2 ka sa na kusa da kai ya ɗauki biyu, ka ƙara masa nauyi, ka kuma tsallake shi, ka miƙa zagaye ga mutum na uku, wanda wataƙila kati ɗaya ya rage masa. Wanda ka daka ɗin ma mai yiwuwa shi ne ke riƙe da 14 da za ta tura kowa kasuwa ta tsare wasan. Dole mutum ya riƙa ƙidaya katunan da ke hannun kowa, yana tambayar kansa wa zai ci moriyar wannan duka.

Ɗalibaina masu bibiyar intanet sun nuna mini cewa Turawa ma suna fama da wannan lissafi a Magic: The Gathering, wasan da Richard Garfield ya fitar a 1993. A salonsa da ake kira Commander, galibi mutum huɗu ke zama, kowa da kati 100 da ya zaɓa ya harhaɗa da kansa. Wanda ya fara nuna ƙarfi, sauran ukun sukan taru su kayar da shi, sai mai shiru ya kwashe nasara. Bambancin dai, a can aljihu na da baki, domin saye ake yi, wasu katunan ma sun kai dubban daloli. A Whot tuli ɗaya ake raba wa ɗan sarki da ɗan dako, ni kuwa na fi son haka.

Ba zan kwatanta jinin jama'a da wasa ba. Amma mutanen da suka shafe shekaru tsakanin gungun 'yan bindiga daban-daban na dazukan Kamuku da Kuyambana, da 'yan Ansaru, da jami'an tsaro, ba sa bukatar malamin jami'a ya koya musu cewa raunin wani ɓangare yakan zama ƙarfin wani. Kuma karta wasa ne na zaman dare a waje. A shekarun da hanyar Kaduna ta zama abin tsoro, majalisu da dama sun watse tun magariba. Bayan sulhun ƙarshen 2024, da aka sake buɗe kasuwar shanu, ina cikin masu auna lafiyar gari da tambayar ko samari sun koma shimfiɗa tabarma bayan isha'i.

Akwai tarko guda da har gwanaye ke faɗawa. Mutum ya yi ta ɓoyon Whot da manyan taurari yana jiran lokacin da ya dace, sai kasuwa ta ƙare a koma ƙidaya. A nan Whot maki 20 ce a kansa, tauraro kuma ninki biyu ake lissafa shi. Shi ya sa tsofaffin hannu, da sun ga tulin kasuwa ya yi ƙasa, suke fara zubar da abin da suka adana tun farkon wasa.