Kyamarar da Ke Barci da Daddare

Akwai wata irin kyamarar tsaro da ke aiki lafiya lau da rana, amma da an yi sallar magariba sai ta fara ɗaukewa tana dawowa, kafin isha'i allo ya yi baƙi ƙirin. Da safe kuma ga ta garau. Mai gida ya zagi kyamarar, ya zagi wanda ya sayar masa, wani lokacin ma ya zargi mutum. Sau da yawa laifin yana cikin wayar da babu mai kallonta.

Wuta tana gajiya a hanya, kamar ruwa a doguwar tiyo. Wayar intanet irin Cat5e siririya ce, kuma idan aka haɗa sili biyu don kai wuta, biyu don dawo da ita, a mita 100 turjiyarta ta kai kusan om 9. To a ce kyamara mai cin bolt 12 ce, tana jan rabin amfiya. Ka ninka rabi da 9, bolt 4.5 sun tafi a hanya, 7.5 kawai suka isa. Da rana ba ta jan wuta sosai, sai ta lallaɓa. Da duhu ya shiga, ƙananan fitilunta na gani cikin dare su kunna kansu, buƙatarta ta ƙaru, wutar ta ƙara faɗuwa, ta mutu. Da ta mutu fitilun sun mutu, wuta ta ɗan dawo, ta farfaɗo, ta sake kunna su. Haka za ta kwana.

Lokacin da nake koyon aiki a shekarar diflomata ta biyu, an kira ogana wani sito na hatsi. Buhuna sun ɓata, kuma kyamarar ƙofar baya ba ta ɗauki komai ba a daren. Mai siton ya riga ya yanke hukunci: maigadi ne ke kashe ta. Dattijon yana tsugune a gindin bango, abin da yake ta maimaitawa shi ne, "Alhaji, wallahi ban ma san inda ake taɓa ta ba." Ogana bai ce uffan ba. Ya ɗora tsani, ya sa mita a bakin kyamarar, sannan ya rufe idonta da tafin hannu don ta zaci dare ne. Lambar ta sulale ƙasa, allo ya ɗauke a gaban kowa, da rana tsaka. Ba mu san wanda ya kwashi buhunan ba, amma dattijon ya kwana a bakin aikinsa.

Wannan ne dalilin da ya sa tsarin PoE, wato tura wuta da hoto ta waya ɗaya, ba ya wasa da bolt 12. Ƙa'idar 802.3af ta 2003 tana tura tsakanin bolt 44 zuwa 57. Wat 6 a kan bolt 48 kashi ɗaya cikin takwas na amfiya ne kawai, abin da ke zubewa a wancan tsawon bai fi bolt ɗaya da ɗoriya ba. Masu tsarin ma sun san hanya tana da nata rabon: wat 15.4 ke fita, 12.95 aka yi wa kyamara alkawari. Ta 2009, wato 802.3at, ta ɗaga zuwa 30 da 25.5. Duk wannan lissafi kuwa a kan mita 100 ne, da wayar jan ƙarfe zalla.

A nan kasuwa ke cin mutane. Akwai kwalin waya mai mita 305 da ake sayarwa da araha, ciki alminiyam ne aka yi wa fatar jan ƙarfe. Turjiyarsa ta fi ta gaskiyar da fiye da rabi, ga saurin karyewa. Ni dai ban ga arahar da ke cikin wayar da za a binne a bango ba. Kankare sili ɗaya da reza, in ka ga fari a ciki, mayar wa mai shago kayansa.

In nisa ya wuce mita 100, a dasa wani suwic a tsakiya, ko a ja fayiba a ba kyamarar wutarta a kusa da ita. Kuma kada a biya mai haɗawa cikon kuɗinsa da azahar. A jira duhu, a ga kyamarar da ta fi kowace nisa tana aiki da fitilunta a kunne.