Lissafin da Ya Jira Shekara 68

A shekarar 1933, a garin Kambirij na Ingila, abokai biyu masu halaye mabambanta suka rubuta gajeriyar takarda tare. Paul Dirac mutum ne mai rowar magana, wanda ya fi sakewa da alli da allo. Pyotr Kapitza, ɗan Rasha, mai raha ne da son hira, hannunsa kullum a kan na'ura. Tambayar da ta haɗa su ita ce: me zai faru idan ilektiron da ba ya ɗaure a jikin kowane atom ya ratsa ta cikin haske?

A nan akwai wata ƙa'ida mai tsauri. Ilektiron da ke yawo shi kaɗai a sarari ba ya iya haɗiye ƙwayar haske guda ya riƙe ta. Kowace ƙwayar haske tana ɗauke da kaya biyu, kuzari da ƙarfin tunkuɗa, kuma dole lissafin kowannensu ya daidaita bayan karo. Tunda ilektiron bai kai haske gudu ba, in ya karɓi tunkuɗar gaba ɗaya, sai kuzarin ya yi rara, babu inda za a ajiye shi. A cikin atom, cibiya mai nauyi ce ke cike giɓin. A fili kuwa, babu mai tsaya masa.

Dabarar da suka kawo ita ce a sa haske biyu su fuskanci juna. Ilektiron zai karɓi ƙwaya daga wanda ya taho ta dama, nan take ya mayar da irinta ga wanda ya taho ta hagu. Kuzarinsa bai ƙaru ba, bai ragu ba, amma ya sha tunkuɗa biyu zuwa gefe guda, sai hanyarsa ta karkace da ƙayyadadden gwargwado. Da suka auna da fitilar makuri ta zamaninsu, sai suka ga ilektiron ɗaya ne kacal cikin kimanin tiriliyan 100 zai karkace. Ba na'urar da za ta ga wannan.

Shekara guda bayan haka, Kapitza ya je ziyara gida, gwamnatin Stalin ta hana shi komawa Ingila. Dirac ya yi ta fafutukar a sake shi, har ya bi shi Rasha a 1935 don ya ɗebe masa kewa. Takardar tasu ta zauna tana jiran hasken da babu shi a duniya.

Leza ta farko ta haska a 1960, amma gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su kashe gardama ba. Sai a 2001 ne Herman Batelaan da abokan aikinsa a Jami'ar Nebraska da ke Amurka suka harba ilektiron ta tsakiyar koren hasken leza biyu masu fuskantar juna, suka ga sun rarrabu layi-layi, daidai inda lissafi ya ce za su faɗa.

Kafin nan ma, a ɗakin bincike na SLAC da ke Kalifoniya, an nuna a 1996 cewa idan leza ta yi tsananin ƙarfi, ilektiron kan karɓi ƙwayoyi har huɗu a lokaci guda ya fitar da guda ɗaya mai tarin kuzari. Ko a can, ƙa'idar ba ta sassauta ba: sai ya bayar kafin abin da ya karɓa ya halatta.

Kapitza ya rasu a Mosko a watan Afrilun 1984, Dirac ya bi shi a Fulorida a watan Oktoba na wannan shekarar. Saura shekara 17 a ga layukan.