Kwamin Da Ya Shekara Bakwai Babu Ruwa

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To amma me ke tsaga bangon? Sau da yawa in kin bincika za ki tarar sakaci ne, an bar abu a yashe shekara da shekaru babu mai waiwayarsa. Labarin da zan ba ku yau na wani kwamin iyo ne a ƙasar Amurka, inda zaman aure ya kai ni. Kada wata ta ce ina ruwana da abin masu kuɗi. Ki daure ki karanta, akwai rabonki a ciki.

A shekarar 2018 maigidana ya sayi gida a gefen birnin Kolombus na jihar Ohayo. Gidan ya yi arha, dalilin arhar kuwa shi ne wani ƙaton rami a filin da ke bayan ginin, tsawonsa ƙafa 32, faɗinsa ƙafa 16, zurfinsa a can ƙarshe ƙafa 8. Maƙwabta suka ce tun 2011 tsohon mai gidan ya kwashe ruwan, da 'ya'yansa suka girma suka watse. Ruwan sama da na dusar ƙanƙara sun taru a wajen zurfin, sun yi kore shar da gansakuka, ga kwaɗi, ga tsutsar sauro, ga wari.

Irin wannan kwami ba da siminti zalla ake yinsa ba kamar na manyan otal. Rami ake haƙawa, a jera falle-fallen ƙarfe a tsaye su zama bango, a daɓe ƙasan da wani yashi mai laushi da aka kwaɓa da siminti. Sannan a shimfiɗa wata leda da suke kira binil ta lulluɓe ko'ina, mai kama da tamfol, kaurinta bai kai milimita ɗaya ba. Abin mamakin shi ne, ruwan da ke ciki shi ke tokare bangon. Ƙasa tana turowa daga waje, ruwa yana turawa daga ciki. Da zarar an kwashe ruwan, ƙasa ta samu sake. Ita kuma ledar sai rana ta busar da ita, ta tsuke, ta riƙa karyewa kamar busasshen ganye. Haka muka tarar da namu: leda ta yayyage, ƙarfe ya yi tsatsa, bangon gefe ɗaya ya yi ciki.

Lokacin 'yata Ummi tana da shekara biyu, ƙafa ta yi ƙwari, ba ta zama wuri ɗaya. Ranar da surukata ta ga ramin ta waya sai ta riƙe baki ta ce, "Ke 'yar nan, ai kududdufi kuka saya! Ku cike shi da ƙasa tun kafin ya ci mini jika." Maigida ya ce maganar Hajiya dutse ce. Ni ma ban musa ba, don tsoron da ke ranta yana raina. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce nutsewa a ruwa ita ce kan gaba wajen kashe yara 'yan shekara 1 zuwa 4 a ƙasar. Kuma yaro in zai nutse ba ya ihu. Shiru kawai za ki ji.

Muka kira ma'aikata suka yi mana lissafi. Cikewa dala 6,000, domin sai an nemi izinin hukuma, an fasa daɓen da ke kewaye, an cire ƙarafan, an yi jigilar ƙasa. Gyara kuma dala 9,000. Da daddare bayan ya ci abinci na zauna kusa da shi na ce, "Abban Ummi, ina da magana. Ni ban iya ruwa ba, Innata ma ba ta iya ba. Yarinyar nan kuwa a ƙasar da za ta tashi, ruwa ko'ina: gidan maƙwabta, makaranta, wajen shaƙatawa. In mun cike namu, za mu cike na mutane ne? Gara ta koya a gabanmu." Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce, "Na ji, Maman Ummi. Amma da sharaɗi. Ko ɗigon ruwa ba zai shiga ramin nan ba sai an kewaye shi da shinge." Na ce na yarda. Na kawo abin da na tara na ɗinki da sayar da turaren wuta, ya cika sauran.

Shingen aka fara yi. Doka a yawancin garuruwansu ta ce kada ya gaza ƙafa 4, ƙofarsa kuma ta zama mai rufe kanta, sakatarta can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Mu muka yi na katako mai ƙafa 6, ya tsare yara ya kuma tsare ido.

A watan Yuni na 2019 aka shiga aikin. Aka zuƙe ruɓaɓɓen ruwan, aka yanyanka tsohuwar ledar aka kwashe. Aka haƙa bayan bangon da ya karkata aka miƙar da shi, aka kankare tsatsa, aka manna siririn soso a jikin ƙarfen. Ƙasan kuma aka cike ramukansa aka shafe shi sumul, don ko tsakuwa ɗaya aka bari sai ta huda ledar wata rana. Suka auna kowane lungu da kusurwa kamar tela zai yi wa amarya ɗinki, domin a masana'anta ake yanka ledar daidai da kwamin, ba ta kuma shiga wani.

Da ta iso sai da aka jira ranar da rana ta buɗe sosai, don zafi ke sa ta laushi. Mutum huɗu suka ware ta, suka maƙala bakinta a cikin wata siririyar kwata da ke kewaye da saman bangon. Sai aka zura bututun injin zuƙar iska ta bayanta. Wallahi ina tsaye ina kallo ta lafe a jikin bango, duk wata yamutsa ta baje. Injin bai tsaya ba aka saki ruwa, sai da nauyinsa ya danne ta sannan aka kashe. Kwana biyu famfo na zuba. Kusan lita 75,000 ya sha, wato jarka 3,000 irin ta 'yan ga-ruwa. Da na lissafa haka sai da jikina ya yi sanyi, na tuna layin da muke yi a bakin famfo a unguwarmu.

An kuma canza marfin magudanar da ke ƙasan kwamin. A shekarar 2002 wata yarinya 'yar shekara 7, Virginia Graeme Baker, jikar tsohon sakataren harkokin wajen Amurka James Baker, ta rasu saboda ƙarfin zuƙar irin wannan magudana ya riƙe ta a ƙarƙashin ruwa. A 2007 aka kafa doka da sunanta, wadda ta hana sayar da tsohon samfurin marfin.

Gyara ya ƙare, hidima ta fara. Kullum sai an kwashe ganye, a auna ruwa, a zuba kulorin daidai gwargwado, don in ya yi yawa ya ci launin ledar, in ya gaza gansakuka ta dawo. Da sanyi ya kawo jiki a rage ruwan kaɗan, a busar da bututai, a rufe. Ba a kwashe shi duka, ko da wasa. In an kula, ledar kan kai shekara goma.

Muka samu mace mai koyar da iyo. Ummi ta fara, na biyo baya ina da shekara 31, ina shan ruwa ina tari tana yi mini dariya. Yanzu duk Asabar ta lokacin zafi matan Hausawa da ke garin kan zo da yaransu, a rufe ƙofa. Ƙa'idarmu ɗaya ce: mace ɗaya ta zauna a bakin ruwa, ba waya a hannunta, ba hira, aikinta ƙirga kawuna. Bayan minti goma sha biyar wata ta karɓe ta.

To 'yar uwa, ke da ba ki da kwami, kina da rijiya, kina da baho da bokiti, akwai kuma kududdufin bayan layi da ke cika da damina. Ruwan da bai kai kamu ɗaya ba ya isa ya halaka mai rarrafe. Yi wa rijiya marfi mai kwaɗo. In kin gama wanki ki zubar da ruwan ki kife bahon. Tankin ƙasa da ya tsage kuka daina zuba masa ruwa, ki yi wa maigida magana cikin ladabi, ko a gyara ko a cike, kada a bar shi tsakiya. Keken ɗinkin da kika jingine tun haihuwar fari, da 'yar uwar da kika shekara ba ki leƙa ba, su ma zama na cin su kamar yadda ya ci wancan bango. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah ya raya mana zuri'a, ya tsare su. Na bar ku lafiya.