Addu'ar Mai Goyo

'Yan uwana mata, musamman ku 'yan makaranta masu ɓoye mujallar nan a tsakiyar littafin lissafi. Yau ba labarin soyayya na zo maku da shi ba. Mu marubuta da zarar an kai amarya ɗakinta sai mu ce alhamdu lillahi mu aje biro, ba mu ƙara leƙa ta ba. To ni yau leƙawar zan yi.

Ni Kirista ce, haifaffiyar Talata Mafara. Kakana daga ƙasar Zuru ya zo lokacin aikin dam ɗin Bakolori da aka kammala a 1978, ya ga ruwa ya ga ƙasar noma, ya yi zamansa. Na san yawancinku Musulmi ne, amma duk wadda ta taɓa ganin yayarta ta kai goshi ƙasa yaro ya ɗare mata baya, ai ta riga ta san rabin zancena.

Da ina budurwa, kiran sallar asuba na masallacin unguwarmu shi ne agogona. In tashi in wanke fuska, in buɗe Littafi Mai Tsarki in karanta sura guda cur, in rubuta abin da na koya, in durƙusa rabin awa babu mai ce mini kanzil. Yanzu fa? Yara uku. Ladan na ɗaga murya auta na ɗaga tata, kamar sun haɗa baki. Kafin in gama ba ta nono na tsakiyar ya jiƙa shimfiɗa, babbar kuma tana neman koko. Ran Lahadi in na samu jin rabin wa'azi na gode, sauran rabin a bakin ƙofar majami'a nake jin sa, ina jijjiga.

Abin ya dame ni ƙwarai, don ji nake kamar an yi mini nisa da Ubangiji. Wata rana bayan taron Zumunta Mata, muna tattara tulunan kiɗa, na kai kukana wurin wata dattijuwa da muke kira Mama, 'ya'ya tara ta raina. Dariya ta yi har da tafa hannu, ta ce, "Ke ɗiyata, wa yac ce miki sai kin rufe ido Allah zai ji ki? Ga wuta ga ɗiya ki rufe ido, ai sai ki tashi da wata addu'ar ta daban!" Ta tuna mini da Hannatu uwar Sama'ila, wadda ta yi roƙo a Shilo leɓunanta kawai ke motsi, har Eli firist ya zaci buguwa ta yi, amma aka amsa mata.

Ita ta koya mini rataya addu'a a jikin aiki. In ina wa yaro wanka, shi nake wa addu'a, daga kai har ƙafa, da sunansa. In ina tsince shinkafa, maigida da gonarsa. Wanki kuwa, da yake shi ba ya ƙarewa, na bar wa dangi da maƙwabta da marasa lafiya. Ba doguwa ba ce, wani lokaci kalma biyar ce, amma kafin magariba sai in ga na yi magana da Allah fiye da yadda nake yi a rabin awar nan tawa ta da.

A nan bari in ɗan yi tsegumi. Masu wa'azi suna son labarin Marta da Maryamu na Luka sura 10, su yi ta ɗora wa Marta laifi don tana kai da kawowa a madafa, alhali da an tashi sujada tuwon wata Martar za su je su ci. Ni a karatuna, damuwar da ta cika mata zuciya Yesu ya yi wa magana, ban ga inda ya ce ta kashe wuta ba. Kuma a Markus sura 10, da almajirai suka tsawata wa masu kawo masa yara, almajiran ya ji haushi, yaran ya rungume.

Amma gaskiya abin da ya zurfafa addu'ata tsoro ne. Ina da cikin fari aka kwashe 'yan matan makarantar Jangebe, nan cikin ƙaramar hukumarmu, daren 26 ga Fabrairu 2021. Kwana huɗu ina dafe da ciki ina tunanin iyayensu mata, har aka sako su 279. A watan Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. Ran 1 ga Satumba aka ɗauke ɗalibai 73 a Kaya ta Maradun. Bayan 'yan kwanaki gwamnati ta sa aka katse layukan waya, kasuwannin mako kuwa an riga an rufe su. Ga ni da jaririya, maigida ya fita gona wajen Bakura, babu halin in kira in ji ko ya isa. Ke 'yar uwa, a irin wannan ranar ba kya iya buɗe littafi, idonki na kan ƙofa. Abin da ke cikin kanki shi za ki ci. Zabura ta 121 da ta 23 da na haddace tun a Makarantar Lahadi don in ci kyautar fensir, su na yi ta maimaitawa ina zagaya tsakar gida da goyo. Maƙwabciyata tana can bayan katanga da carbinta, nata mijin ma yana hanya. Mu leƙa juna mu ce, "Shiru?" "Shiru." Kowa ta koma wa Ubangiji.

Shi ya sa nake ce maku ku 'yan makaranta, ku yi hadda yanzu da kanku yake sakayau. Zabura 150 ce, ko biyar kika riƙe kin yi guzuri, kuma tun 1932 ake da Littafi Mai Tsarki da Hausa, babu zancen Turanci ya yi wuya. Hannun da ke cikin kumfar wanki ba ya buɗe shafi.

Sai batun samari. Kuna tambayarsu aikin me suke yi, wace makaranta suka gama. Ku ƙara da wannan: zai iya riƙe yaro awa guda? Nawa maigidan, duk yammacin Lahadi yana kwashe manyan biyu su tafi gidan iyayensa, in auta ta yi barci in samu in zauna da Littafina kamar da. Surukata ta yi gunaguni da farko, wai namiji da rainon yara, yanzu ita ke aikowa a kawo su da wuri.

Da dare kuma tare muke yi, a kan tabarma. Minti biyar ne, don fiye da haka sai a fara tsungulin juna. Babbar ce ke jero sunaye, ta fara da Baba, ta bi ta kan 'ya'yan maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, ba ta yarda a ce amin sai ta sa akuyarmu mai ciki.